Oba-obar da ke cikin tirelata

Yaran da suka shigo tuƙin tirela kwanan nan a nan Amurka, da yawansu ba sa ma saka rediyon CB a mota, wato oba-obar da direbobi ke magana da juna da ita. Suna da hujja. Waya ta ƙwace rabin aikinsa, taswirar Google kan nuna maka gosulo tun kafin ka kai wurin.

Sai dai direban da ke gabanka da mil biyu, ina ka samu lambarsa? Da CB kuwa, ka murɗa tasha ta 19 kawai, duk mai babbar mota da ke kusa, in nasa na kan tashar, zai ji ka. Tashoshi 40 ne, ta 9 an ware ta don neman agaji. Ba lasisi, ba kuɗin wata, kuma babu ruwansa da sabis.

A hanyar I-80 ta jihar Wayomin na san darajarsa. Lokacin hunturu iska takan kwantar da tirela marar kaya, dusar ƙanƙara ta rufe gaba har ka daina ganin fitilar na gabanka. Kana cikin haka sai ka ji murya cikin ƙarar shuuu: an yi karo a gaba, a rage gudu, a koma hannun hagu. Mai tahowa daga ɗaya ɓarin ne, da idonsa ya gani. Wata rana ma haka wani ya sanar da ni tayata ta baya tana hayaƙi.

Aibinsa surutu. Ashar, gardamar siyasa, wani ya kafe maɓalli yana waƙa. Kusa da manyan birane rage murya nake yi, sai na fita daji in ƙara.