Kafin ka ɗaura sukuru na farko

Ƙannena masu son haɗa kwamfutar tebur da hannunku, abin da zan fara ja muku kunne a kai shi ne akwatin wuta, wanda masu sana'ar ke kira fawa fak. Yawancinmu idan muka zauna lissafi, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da katin hoto (mai fitar da hoto zuwa allo) muke zuba wa kuɗi, ɗan canjin da ya rage shi ake saya wa fawa fak. Haka na yi a kwamfutata ta farko. Na ɗauki wani marar suna, shafal kamar babu komai a cikinsa, an rubuta wat 500 a jikinsa. Ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, sai ƙauri na ji. Ya ƙone, ya tafi da madabod ɗin, wato babban farantin da ake jona dukkan kayan a kansa. Araha ba ta ado.

Duk wutar da kowane kaya zai sha ta cikinsa take bi, saboda haka ka nemi na kamfanin da aka sani, mai garanti. Tambarin 80 Plus yana nuna ba ya ɓarnar wuta da yawa ne, ba shaidar inganci gaba ɗaya ba ce, amma wanda ko wannan bai samu ba ka bar wa mai shago kayansa. Idan tsohon kaya ne na gwanjo, juya bayansa. Wasu suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230, domin wutar Amurka ba ta kai tamu ƙarfi ba. Wutarmu 230 ce. Ka jona shi yana kan 115, ya tashi aiki nan take. Ka kuma sa kuɗin UPS ko sitabilaiza cikin lissafi tun farko, balle in da janareta za ka riƙa aiki. Wani abu da mutane ba su sani ba: wayoyin fawa fak masu cirewa ba a aron su daga wani fawa fak ɗin. Bakin zai shiga daidai, amma jerin wayoyin ciki ya bambanta, kuma haka ake ƙona faifan ajiya.

Sai dacewar kaya, inda na sake yin asara. Na sayi furosesa saboda na ji ana yabonsa, ban tambayi wane gurbi yake zama ba. Furosesan AMD na gurbin AM4 ba ya hawa madabod mai AM5, kuma AM5 da ya fito a 2022 ba ya karɓar ram (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) sai samfurin DDR5. Na Intel mai gurbin LGA1700 ya fi rikitar da sabon shiga, domin wasu madabod ɗinsa DDR4 suke ɗauka, wasu DDR5, kuma tsagar da ke jikin ram ɗin ba wuri ɗaya take ba. Ko gurbi ya yi daidai ma, tsohuwar madabod irin B450 tana iya ƙin tashi da Ryzen 5000 sai an sabunta mata BIOS, wato manhajar cikinta da ke tada kwamfuta. Shiga shafin kamfanin madabod ɗin, ka ga sunan furosesanka a jerin waɗanda take karɓa, sannan ka fitar da kuɗi. Ka lura da haruffan ƙarshen suna: na Intel mai F ba shi da sashen hoto a ciki, haka Ryzen 5 5600, amma 5600G yana da shi. Ka sayi marar shi ba tare da katin hoto ba, allo baƙi ƙirin za ka zauna kallo.

Ranar haɗawa kada ka yi gaggawar zuba komai cikin akwatin kwamfutar. Ɗora madabod a kan kwalin da ta zo ciki, sa furosesa, ram da fanka, ka gwada ko za ta tashi. Furosesa yana da ɗan alwatika a kusurwa ɗaya, gurbin ma yana da shi. Ka daidaita su, zai zauna da kansa. In ka ji kana dannawa, tsaya, wani abu ya karkace. Ƙusoshin da ke haɗa furosesa da gurbinsa sirara ne ƙwarai, guda ɗaya ya lanƙwashe ka shiga wahala. Da hunturu kuwa, lokacin da iska ta bushe har mutum ke jin tartsatsi in ya taɓa ƙofar mota, ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki kowane kaya, kuma kada ka yi aikin a kan darduma ko katifa.

Juya ƙasan abin sanyaya furosesa ka duba. Sau da yawa akwai 'yar leda fara manne a wurin, ba a ganinta sai an lura. Na taɓa barinta, kwamfutar ta riƙa mutuwa da kanta saboda zafi, ni kuma ina ta zargin ram. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da abin sanyaya shi ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake ya isa, in kuma kamfani ya riga ya shafa, kada ka ƙara. Ram guda biyu a madabod mai gurbi huɗu galibi na biyu da na huɗu ake sa su, littafin madabod zai tabbatar maka. Danna har ka ji ƙas. 'Yan ƙarafan da ke ɗaga madabod daga jikin akwati su yi daidai da ramukanta, kada ɗaya ya saura a inda babu rami. Ban da babbar wayar fawa fak mai baki 24 da ke shiga madabod, akwai wata mai 8 a sama ta furosesa da ake yawan mantawa. In kana da katin hoto, wayar allo a jikinsa ake jona ta.

Bayan ta tashi, kada ka ajiye ta a ƙasa ko ka matse ta a lungu. Zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato yana wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka cikin 'yan makonni. Ɗora ta a kan tebur, ka bar mata sarari ta baya, lokaci lokaci ka cire ta daga wuta ka buɗe ka hure ƙurar, kana riƙe da fankar da yatsa don kada iskar ta juya ta.