Ranar da muryata ta tsinke a gaban dangi

Tun ina firamare ake tsokanata da murya. In na ɗauki wayar Baba, sai mai kira ya ce, "Yaro, ba ni mahaifinka." Ban taɓa sa abin a rai ba sai ranar wunin bikin ɗiyar baffanmu a unguwar Mabera da ke Sakkwato, cikin Disamba, hazo ya lulluɓe gari har rana ta koma kamar farin faifai.

Mata ne zalla a tsakar gida. Da aka ci aka kwashe kwanuka, ƙanwata ta jawo sifikar nan mai taya da makirfo biyu, ta haɗa da wayarta, aka ce yau karawoke za a yi. Ga wadda ba ta san shi ba, kiɗan waƙa ne zalla, an zare muryar mawaƙi, ke ki cike gurbin. Daga Japan ya fito a shekarun 1970, sunan ma a harshensu kusan "fankon kiɗa" yake nufi. Waƙoƙinmu na Hausa ba su cika zuwa da rubutu yana gudu a fuskar waya ba, amma wa ke buƙata? Baitocin duk suna kanmu.

Na zaɓi wata waƙar soyayya ta fim da nake ji kullum in ina wanke-wanke, na ɗauki wajen mace. Baitin farko ya tafi lafiya. Ana zuwa amshi waƙar ta yi sama, na bi ta da ƙarfin tsiya, sai muryar ta tsinke kamar ta zakaran da ke koyon cara. Gida ya kaure da dariya, har amarya da ke cikin lulluɓi na ga kafaɗunta na rawa.

Gwaggo ce ta yafito ni. "Ke ɗiyata, mi yak kai ki ɗaukar kayan da ba naki ba? Muryakki ta uwar amada ta, ba ta 'yan fim ba."

A ranar haushi na ji. Daga baya na gane gaskiya ta faɗa. Muryar mace a waƙoƙin fim ɗinmu siririya ce mai tashi sama, salon da muka gada daga finafinan Indiya, kuma a situdiyo ana ƙara goge ta da kwamfuta. Ni da igiyoyin maƙogwarona suka fi na yawancin mata kauri, ina ni ina bin wannan? Amma wadda ke ba da waƙa a gaban ƙwarya, ai cikar murya ake nema a wajenta, ba sirantaka ba.

Abin da na fara yi shi ne auna kaina. Na sauko da manhajar piyano a waya, na riƙa danna maɓalli ɗaya ɗaya ina bi da "laa". Ta ƙasa na kai wanda aka rubuta wa F3 ba tare da na yi gurnani ba, ta sama kuwa ina wuce B4 wuyana ke ɗaurewa. Masu ilimin kiɗa suna kiran irin wannan muryar kontiralto, ita ce mafi ƙasa a muryoyin mata. Wallahi har wani daɗi na ji da na san abin yana da suna, ba mura ba ce da ta ƙi warkewa shekara talatin.

Daga nan na canza yadda nake gwada waƙa, kuma wannan ne ya fi komai yi mini amfani. Ba na farawa daga farko. Farkon waƙa mayaudari ne, kusan kullum a ƙasa yake, kowa na iya shi. Sai in tsallaka can inda ta fi tashi, yawanci amshi ko baitin ƙarshe da mawaƙiya ke zuba iyawarta. In na rera wurin sau uku a jere, a zaune, ban ɗaga haɓa sama ba, jijiyar wuya ba ta fito ba, to waƙar tawa ce. In kuwa sai na miƙe na rufe ido, na bar wa masu ita.

Sai kuma wani abu da ya daɗe a gaban idona ban lura ba. Yawancin waƙoƙin fim ɗin nan ai mace da namiji ne ke musayar baiti, kuma mazan da muryar sama suke yi. Inda namijin ke ɗan miƙa wuya, nan ne ni nake zaune daram kamar a kan tabarmar ɗakina. Da farko kunya ta hana ni. Sai na tuna taron mata ne, dole wata ta ɗauki wajen namijin, kuma duk wadda aka ba sai ta riƙa shaƙe murya ana dariya.

In kuma na nace wa waƙar da ta fi ƙarfina, akwai maɓallin rage tashin kiɗa a yawancin manhajojin karawoke, alamar ƙari da ta ragi. Kowane danni rabin mataki ne, 12 ke kai ki zagaye guda, wato ki dawo kan sautin da kika fara amma a sama ko a ƙasa. Ni 2 ko 3 nake ragewa. Na taɓa zarmewa na rage 6, kiɗan ya dagule kamar kaset ɗin da batir ya kusa ƙare masa, baitocin farko kuma suka nutse har ni ban ji kaina ba. Na so in ji tsoron ko ragewar za ta ɓata kalmomi, tunda Hausa karin sauti gare ta, amma ba ta taɓa su, don duk waƙar ce ke sauka tare, hawa da saukar kowace kalma na nan yadda suke.

Makirfo ma da nasa halin. In kika manna shi a baki yana ƙara kauri, mai siririyar murya na cin riba, irina kuwa sai a ji buu buu ba a gane me nake faɗa. Tazarar yatsu uku nake bari, in sa a rage amsa-kuwwa da dundun ɗin sifika. Lokacin hunturu kuma ruwan ɗumi tun safe, don ƙurar Sakkwato ba ta raga wa maƙogwaron kowa.

Bayan wata huɗu aka yi suna a Runjin Sambo, sifikar nan ta sake fitowa. Na ce wa ƙanwata ta sa waƙar nan dai da ta kunyata ni, ita ta ɗauki mace, ni namiji. Da na shiga baitina, hirar da ake yi a bakin madafa ta tsaya. Gwaggo na zaune kan kujera 'yar tsugunno tana ɓare goro. Ba ta ce komai ba, sai da muka gama ta kwance bakin zanenta, ta zaro naira 200 duk ta yamutse, ta manna mini a goshi.