Asabar ɗin kaka a filayen tseren New York

Daga Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba, kusan kowace Asabar akwai tseren 'yan sakandare a wani daji ko wurin shaƙatawa na New York da kewayenta. Ba a zagayayyen filin nan mai jan daɓe ake yi ba. A kan ciyawa ake gudu, da tsakuwa, da taɓo idan an kwana ana ruwa, a hau tudu a gangara kwari, yawanci kilomita 5. Jadawalin bana ya fito, kuma na riga na san abin da yake nufi a gidana. Asabar ita ce kasuwar mai tuƙin tasi, amma tawa safiyar a tsaye za ta ƙare a bakin igiya, ina ihu cikin sanyi.

Daga Katsina muka zo, muka sauka a Bronx kamar yawancin mutanenmu, inda Hausawan Gana da na Nijar suka riga mu kafa masallatai da shagunan abinci. Rayuwar sabon zuwa a nan ba ta da faɗi. Daga ɗaki sai aiki, daga aiki sai masallaci ran Juma'a, sai shagon da ake samun daddawa da garin tuwo. Ni da nake tuƙi na haddace tituna da gadoji, amma duk ta bayan gilashi nake ganinsu. 'Yata, wadda nake kira Mamana don sunan mahaifiyata ta ci, ita ta fito da ni daga motar, ranar da ta kawo takardu biyu daga makaranta, ɗaya ta likita ɗaya ta amincewar iyaye, ta ce tana son shiga ƙungiyar tsere.

Uwargida ba gudun ne ya dame ta ba, suturar ce. Ta ce, "Malam, ka ga irin kayan da suke sawa kuwa?" Muka je muka ga mai horarwar, ta ce dogon wando da riga mai dogon hannu a ƙarƙashin rigar makaranta ba matsala, hijabin wasanni ma haka. Daga baya na ji cewa wannan sauƙin bai daɗe da samuwa a ko'ina ba. A Oktoban 2019 an soke sakamakon wata yarinya 'yar shekara 16 a jihar Ohio, Noor Abukaram, don ta yi irin wannan tsere da hijabi ba tare da takardar izini ta musamman ba. Yarinyar ba ta yi shiru ba, har sai da jihar ta yi doka a 2022 wadda ta hana a takura wa ɗalibi a wasa saboda suturar addininsa. Mamana ta san labarin nan fiye da ni.

Filinmu na gida shi ne Van Cortlandt, can arewacin Bronx. Jirgin ƙasa mai lamba 1 za ka hau har tasharsa ta ƙarshe a titi na 242, kana saukowa daga matakala ka ga filin ya buɗe a gabanka. Wurin ya haura eka 1,100, kuma tun 1913 ake tsere a hanyar da ke cikinsa. A nan hukumar wasannin makarantun gwamnati ta birnin, PSAL, take yin yawancin gasarta, har da ta zakarun birni a Nuwamba.

Ana farawa ne a wani shimfiɗaɗɗen fili mai faɗin gaske, wanda 'yan Karibiyan da 'yan Kudancin Asiya ke buga kurket a cikinsa. Yara ɗaruruwa su jeru a layi ɗaya, kowace makaranta da ɗan gurbinta. Bindiga na tashi sai ka ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Yaudarar tana nan, domin filin ya yi faɗi, ba tudu, kowa ji yake shi ne gwani. Amma a ƙarshensa hanya ta tsuke ta zama wata 'yar siririya da suke kira hanyar shanu, wanda bai sami wuri da wuri ba sai ya maƙale a bayan mutane yana neman inda zai sa ƙafa. Wanda kuma ya zuba duk ƙarfinsa don ya sami wurin, tuddai na jiran sa. Ana haye wata gada a saman babban titin Henry Hudson, a shiga tuddan baya, inda hanya ke hawa da sauka cikin itatuwa, ga katakai da aka gicciya a ƙasa don tare zaizaya, dole a riƙa lura da su.

Mu iyaye ba ma ganin wannan ɓangaren. Sun shige daji ke nan, sai mu tsaya muna duban agogo. A wannan tsayuwar na fara hira da mutanen da da ba abin da zai haɗa ni da su sai kuɗin mota. Akwai wata 'yar Dominika mai aikin jinya da ke zuwa kai tsaye daga aikin dare, idanunta jawur, da wani dattijo Bature da ya ce shi ma a wannan hanyar ya yi gudu yana yaro, kuma har yau gwiwarsa na tuna masa. Shi ya nuna mini tudun da suke kira na maƙabarta, inda kaburburan iyalin Van Cortlandt suke, ya ce a 1776 a nan aka ɓoye takardun birnin New York lokacin yaƙin neman 'yanci. Wancan tudun 'yan jami'a ke hawa a tserensu mai tsawo, ya ce in gode wa Allah 'yata ba ta kai can ba tukuna.

Sai kuma ka hango na farko ya ɓullo daga itatuwa. Daga nan miƙaƙƙiyar hanya ce kusa da titin Broadway har zuwa ƙarshe, inda aka kafa mutum-mutumin kunkuru da zomo. Ido na ganin ta kusa, ƙafa kuwa ba ta yarda. A nan za ka ga yaron da ya wuce ka da fara'a ɗazu yana tangaɗi, baki buɗe, laka har gwiwa.

Lissafin maki shi ne abin da ya fi burge ni. Kowace makaranta tana sa mutum bakwai a babban tsere, a ɗauki matsayin biyar ɗin farko a tara, mai ƙaramin jimla ita ta ci. Idan 'yan makaranta ɗaya suka zo na ɗaya zuwa na biyar, maki 15 ke nan, ba a yin ƙasa da haka. Na shida da na bakwai ba a tara nasu, amma duk wanda suka wuce sun ƙara wa makarantarsa nauyi, idan kuma aka yi kunnen doki na shida ake dubawa. Kamar aikin gayya ne, ba a tashi don gwani ya kai kuyyarsa ƙarshe, sai na baya ya iso. Mamana ba ta cikin na gaba. Tsakanin ta huɗu da ta biyar take a ƙungiyarsu, kuma mai horarwar ta fi yi mata ihu a kan wadda ke zuwa ta ɗaya, domin a tsakiyar taro daƙiƙa goma kan iya zama mutum goma.

A jadawalin bana, babbar rana ta farko ita ce gasar Manhattan, a farkon rabin Oktoba, nan dai Van Cortlandt. Makarantu kan zo daga jihohi da dama, ana tashin tsere ɗaya bayan ɗaya tun safe har la'asar, tantuna sun cika fili. Wannan ba kilomita 5 ba ce, mil biyu da rabi ce, wato kusan kilomita 4. A kanta ne Edward Cheserek, ɗan Kenya da ke karatu a Newark a lokacin, ya kammala cikin ƙasa da minti 12 a 2011, kuma har yanzu ana ba yara labarin.

Sauran filayen kowanne da halinsa. Sunken Meadow yana Long Island, a bakin teku, ka iso ka ga rairayi da ruwa ka ɗauka yawon shan iska aka zo. Can cikin tseren, bayan ƙafa ta riga ta gaji, akwai tudun da suka laƙaba wa Cardiac Hill, wato tudun bugun zuciya, mai tsayi da ƙasa mai zamewa, wasu yaran har dafa gwiwa suke yi. Holmdel a New Jersey hawa ake farawa da shi tun daga tashin bindiga, sannan a tsakiya a gangara wani kwari mai kamar kwano, a sake haurowa. Bowdoin kuwa yana arewa, a Wappingers Falls, gefen kogin Hudson. Rabin farko kusan duk hawa ne, rabi na biyu gangara, kuma a can ake haɗa zakarun makarantun gwamnati da na Katolika da masu zaman kansu na jihar a Nuwamba.

Shi ya sa a wannan wasa ba a faɗin lokaci shi kaɗai. Idan yaro ya ce ya yi minti kaza, tambayar da ke biyo baya ita ce a ina, kuma an yi ruwa ko ba a yi ba. Bara Mamana ta yi wani tsere a fili marar tudu, ta dawo tana murna da lokacinta. Mako na gaba a Van Cortlandt ta ƙara fiye da minti guda, ta shiga mota tana share hawaye. Na ce, "Mamana, mutum nawa suka riga ki?" Da muka duba takardar sakamako, ta wuce 'yan mata da dama da suka riga ta a wancan filin. Ta ce, "Baba, ai ni agogo nake kallo." Ni a ganina nan ne kyawun wasan, ba a iya shirya shi a takarda, sai ƙafa ta taka wurin. Saboda haka ma yaran suke isowa da wuri su zaga hanyar a ƙasa kafin a fara, su zaɓi tsawon ƙusoshin da za su ɗaura a takalmi gwargwadon laushin ƙasa.

Ba kowa ne ya yarda da ni ba. Wani dattijo da muke salla tare ya tare ni bayan Juma'a ya ce, "Malam, 'ya mace da gudu a daji, kai kuma ka bar neman kuɗi kana bin ta?" Na ce, "Alhaji, ai gara ina bin ta." Ya yi dariya, bai gamsu ba, ni ma ban matsa ba. Jikarsa dai ta tambayi Mamana yadda ake karɓar takardar likita.

Abin da ya rage mana yanzu shi ne sanyi da duhu. Ran Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, magariba ta dawo kafin ƙarfe biyar, atisayen yamma ya zama ana gamawa ana kunna fitilun titi. Uwargida ta riga ta sayo safar hannu da wando mai kauri. Zuwa Bowdoin ba a jadawali yake ba, sai ƙungiyar da ta fito a sahun gaba a gasar birni. Mai horarwar ta ce in har ana son zuwa, sai ta huɗu da ta biyar sun matso kusa da ta uku a tuddan baya, don haka duk Talata can take kai su su yi ta hawa da sauka.