Kafin ka ce "dama can bai sami ceto ba"

Ƙannena da aka fara danƙa muku ajin Lahadi, ko zumuntar matasa, ko wa'azi a ƙaramar ikilisiya ta ƙauye, akwai tambayar da za ta iske ku ko ba daɗe ko ba jima. Wanda kuka yi ajin baftisma tare, kuka ci jibin Ubangiji tare, yau ya daina zuwa sujada. Sai wani ya ce muku: "Malam, shin dama ya sami ceto kuwa?" Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne saurin ba da amsa.

Aya guda na riƙe, 1 Yohanna 2:19, inda aka ce sun fita daga cikinmu domin dama ba namu ba ne. Ina ɗora ta a kan duk wanda ya ja da baya. Amma ku karanta daga aya 18 zuwa 23. Yohanna yana magana ne a kan mutanen da suka fita suna musun cewa Yesu ne Almasihu, suna kuma neman ɓad da wasu. Yarinyar da ta yi ciki kafin aure, kunya ta hana ta shiga majami'a, ba ita ake nufi ba. Haka ma Ibraniyawa 6:4-6, inda aka ce waɗanda suka faɗi bayan an haskaka su ba za a iya sāke jawo su ga tuba ba. Gargaɗi ne mai nauyi, kada ku rage masa kaifi, amma a aya 9 marubucin ya ce yana da tabbacin abin da ya fi haka game da masu karatunsa. Wanda ya zo muku yana rawar jiki don tsoron ko ya wuce gyara, ku nuna masa cewa wannan tsoron kansa alama ce zuciyar ba ta mutu ba.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne. Na sha karanta wa mai zaune cikin zunubi Yohanna 10:28-29, cewa ba mai ƙwace tumaki daga hannun Makiyayi, don in kwantar masa da hankali. Na tsallake aya 27, wadda ta ce tumakin suna jin muryarsa suna bin sa. Mutum ya koma ya ci gaba da abinsa, yana ganin baftismar da aka yi masa takardar shaida ce da ba ta lalacewa.

Ku sani masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan. A 1610 almajiran wani malamin tauhidi mai suna Arminiyus a ƙasar Holan suka sa alamar tambaya a kan ko mai bi na gaske zai iya faɗuwa har ya hallaka. Taron shugabannin ikilisiya da aka yi a garin Dort na Holan daga 1618 zuwa 1619 ya amsa cewa wanda Allah ya ceta zai riƙe shi har ƙarshe, ko da ya yi mummunar faɗuwa a hanya. Daga baya John Wesley, mai wa'azi ɗan Ingila, ya koyar cewa mutum na iya barin alherin da ya karɓa. Ku koyi matsayin ikilisiyarku, ku koyar da shi da gaskiya. Amma ku lura, in kun tsaya a ƙofar gidan wanda ya ja da baya, ɓangarorin biyu aiki ɗaya suka ba ku: ku kira shi ya tuba ya dawo.

Abin da ya fi gyara mini tunani shi ne sunaye biyu. A Filimon 24 Bulus ya ambaci Markus da Dimas tare, a matsayin abokan aikinsa. Markus ne wanda ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya ya koma Urushalima, har su biyun suka rabu a kansa (Ayyukan Manzanni 15:37-39). Da an tambaye mu a lokacin, da Markus za mu soke. To ku buɗe 2 Timoti 4:10-11. Dimas ya bar Bulus saboda ƙaunar duniyar nan, Markus kuwa shi ake cewa a zo da shi domin yana da amfani. Haka daren da aka kama Yesu: Bitrus ya yi musun saninsa sau uku, Yahuza ya ba da shi. Mai kallo daga waje a daren nan ba zai iya bambanta ƙarshensu ba. Hukuncin da muke gaggawar yankewa a tsakiyar tafiya muke yanke shi, alhali 2 Timoti 2:19 ta ce Ubangiji ne ya san nasa.

Saboda haka ku fara da gano abin da ya fitar da mutumin, domin maganin ba ɗaya ba ne. Akwai wanda zunubi da kunya suka kora. Akwai wanda wani a cikin ikilisiya ya ɓata masa rai, ko aka ci amanarsa a kan kuɗi. Akwai ɗalibin da ya shiga jami'a ya gamu da tambayoyin da ba wanda ya taɓa amsa masa. Akwai wanda matsin dangi, ko aure, ko neman abinci, ko tsoron rasa rai ya tanƙwara. Wannan na ƙarshe ba sabon abu ba ne. A shekara ta 250 Sarki Disiyus na Roma ya tilasta wa kowa yin hadaya ga alloli, masu bi da yawa suka faɗi. Nobatiyan, wani shugaba a ikilisiyar Roma, ya ce kada a sake karɓar su cikin ikilisiya. Taron da bishop Sifiriyan ya jagoranta a birnin Kartaji, a Tunisiya ta yau, a 251, ya yanke cewa a karɓe su bayan tuba, gwargwadon nauyin abin da kowa ya yi.

Ku je da wuri. Lahadi biyu ko uku ba a gan shi ba, ku taka da ƙafarku, kada ku tsaya ga saƙon waya. Ku je ku kaɗai a karo na farko, kamar yadda Matiyu 18:15 ta tsara, in mace ce kuwa a tura dattijuwa daga zumuntar mata. Ziyarar farko ta saurare ce. Wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki tun kafin a kawo masa ruwan sha, da wuya a sake buɗe masa ƙofa. Kada ku kai sunansa gaban taro da sunan roƙon addu'a, domin kafin yamma maganar ta zaga gari, kunyar da ta fitar da shi kuma ta ninka. In ya ƙi ji, sannan ku koma da mutum ɗaya ko biyu da yake ganin girmansu. Sai bayan haka magana ta kai ga dattawa.

In har ta kai ga horo, ku roƙi dattawa su fayyace abu uku tun ranar farko: laifin da ake horon a kai, abin da zai nuna tuba, da wanda zai riƙa ziyartarsa har lokacin da za a sake duba maganar. Horon da ba a sa masa ranar dubawa ba kora ce kawai. A 1 Korintiyawa 5 Bulus ya ce a fitar da mai laifi, a 2 Korintiyawa 2:6-8 kuma ya ce wa ikilisiyar nan hukuncin da aka yi wa mai laifi ya isa, a yafe masa, a ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. In a gaban jama'a aka sanar da horon, a gaban jama'a za a sanar da dawowarsa, a kuma ba shi jibin Ubangiji a karo na farko da aka yi bayan haka.