Sati na uku da amfilifayar kawu: ga inda aka kwana

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Yau sati uku ke nan amfilifayar kawuna, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, tana kan teburina a nan Bauchi, cikinta a buɗe. Tsohuwar sitiriyo ce, gefen dama na magana, na hagu kuwa ya yi gum tun ranar da ta fitar da hayaƙi.

Satin farko kusan a shara ya ƙare. Ƙurar hunturu ta shekaru ta kwanta a kan fanel, wato allon da aka dasa kayan wutar a kai, har ba a ganin rubutu. Kafin na sa hannu sai da na zare wuta, na sauke cajin manyan kwandansan nan biyu masu 10,000 µF ta hanyar jona musu kwan fitila, domin suna riƙe wuta bayan an kashe. Don Allah kada ku tsallake wannan. Daga nan tsohon buroshin goge baki da ɗan sifirit suka yi sauran aikin.

Manyan tiransisto na jikin ƙarfen sanyaya ba su ba ni wahala sosai ba. An rubuta C5200 a ɗaya, A1943 a ɗayan. Na nema a intanet na yi ta ganin tarkace, sai daga baya na gane cewa a tsarin Japan ana yanke 2S na farko a jikin kayan. Cikakken sunansu 2SC5200 da 2SA1943, na Toshiba, kuma tare suke aiki, ɗaya NPN ɗaya PNP, wato nau'i biyu na tiransisto masu kishiyantar juna. Na gefen hagu duk sun haɗe ta ciki, wato sun lalace, mita tana kuka ta kowace ƙafa. Farin dutsen da ke kusa da su mai rubutun 5W R22J ashe rizisto ne, wato mai rage gudun wuta: R ɗin tana matsayin ɗigo, wato 0.22 om, J kuma kuskuren kashi 5 cikin ɗari.

Inda na sha wuya shi ne wani ƙaramin rizisto da ya ƙone ƙurmus. Jikinsa ya tsage, launukan sun koma gawayi, in ka taɓa sai gari ya zubo. Na haska tocilar waya ta gefe, na ga kamar zobe ɗaya ja ne ko ruwan ƙasa, to amma zafi yana sauya launi, kuma kowane launi a jikin rizisto lamba yake nufi: ja 2 ne, ruwan ƙasa 1. Kwana biyu ina hasashe. A rana ta uku na ɗauki fanel ɗin na hau Keke Napep zuwa wajen wani dattijo mai gyaran rediyo a wajejen Wunti, wanda nake zama a bencinsa in na samu sarari.

Na ce, "Baba, wannan ya gagare ni, launinsa ya tafi."

Bai ko ɗauki mita ba. Ya juya fanel ɗin ya ce, "Kai yaro, sitiriyo ai tagwaye ce. In Hassan ya kasa magana, tambayi Husaini."

Wallahi kunya ta kama ni, domin abin yana gabana tun ranar farko. Duk abin da ke gefen hagu akwai ɗan uwansa a dama, a wuri iri ɗaya. Wanda ya ƙone lambarsa a fanel R117, na bi layin tagulla a ɗaya gefen na sami R217 lafiyarsa ƙalau: ja, ja, ruwan ƙasa, sai zinare. 2 da 2 da sifiri ɗaya, 220 om. Baba ya sa na ɗaga ƙafarsa ɗaya da ƙarfen narka dalma kafin na auna, saboda in yana manne a fanel, mita tana haɗawa da maƙwabtansa ta ba ka ƙarya. Ta nuna 218.

Wanda ya kusa kai ni ga ɓarna shi ne wani baƙi ƙarami mai ƙafa uku a ɓangaren wuta. Shi ba shi da Husaini, shi kaɗai ne a duk fanel ɗin. A ido tiransisto ne sak, girmansa ɗaya da ƙananan tiransisto C1815 da ke cike a gwangwanina, rubutunsa kuma ya dushe. Na cire shi, na sa mita a kan gwajin dayod. Lafiyayyen tiransisto na silikon yana ba da wajen 0.6 zuwa 0.7 daga ƙafa ɗaya zuwa sauran biyun. Wannan lambobinsa ba kai ba gindi. Na yanke hukunci ya mutu, har na ɗauko C1815 zan dasa.

Allah ya taimake ni, wajen goge ramukan sai idona ya kai kan farin rubutun da ke ƙarƙashinsa. IC3. IC na nufin guntu mai da'irar wuta a cikinsa, su kuwa tiransisto duk Q aka sa musu. Na shafa ɗan farin man nan na ƙarfen sanyaya a fuskarsa, na goge da yatsa, farin ya maƙale a cikin zanen, haruffa suka fito ɗaya bayan ɗaya: 78L12. Mai daidaita wuta ne zuwa bolt 12. Ba abin da ya same shi, gwajin da na yi masa ne ba nasa ba. Da na dasa tiransisto a gurbinsa, da na jawo wa ɓangaren da bai taɓa ciwo ba wata cutar.

Tun ranar nake karanta haruffan fanel kafin na kalli jikin kaya: R rizisto, C kwandansa, D dayod, ZD zina (wani nau'in dayod), L nadin waya. Wannan L ɗin ma ta cece ni daga wani kore mai zobba da na rantse rizisto ne. Ko tiransisto na gaske ma a kula da jerin ƙafafu, C1815 da BC547 duk NPN ne amma ƙafafunsu ba su jeru iri ɗaya ba.

Jiya da daddare na sauya waɗanda suka lalace, na mayar da komai. Ban jona ta kai tsaye ba, na bi da wutar ta cikin kwan fitila mai wat 100, irin na da mai zare, wanda samunsa yanzu sai an sha yawo tunda LED ta cika kasuwa. Na danna makunni zuciyata na bugawa. Kwan ya haska fau, sannan ya yi ƙasa a hankali har ya kusa mutuwa, alamar babu inda ya haɗe. Ƙafar fita ta 78L12 ta nuna 11.9. Na jona tsohuwar sifika a hagu, muryar mai karanta labarai ta fito tas.

Saura makunnin ƙara murya, yana ƙaras-ƙaras in an murɗa. A bayansa an rubuta A50K, wanda na sayo kuma B50K ne. A kayan Japan, A shi ne na sauti mai tashi sannu a hankali yadda kunne ke ji, B kuwa miƙaƙƙe ne. Ranar Asabar zan koma in canzo, sannan in kai wa kawu kayarsa.