Daren da na zauna gyaran maƙalar Tajuddini

Ƙanwata ce ta jawo. An ba su aikin gida kan Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, sai ta miƙo min waya: "Yaya, duba min wannan Hausar, na kasa gane ta." Maƙala ce a kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya sa hannu ya gyara, kan Tajuddini fi ma yajibu alal muluki, nasihar mulki da Shehu al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya rubuta wa Rumfa. Da na karanta, raina ya sosu. Littafin da aka rubuta wa sarkin garin nan, amma bayaninsa da Hausar inji!

Wanda ya fara maƙalar ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa, sai dai daga Turanci ya kwaso. Ko'ina "yarima" ya sa. Na san inda aka samo ta: sunan fassarar Turancin da aka buga a 1932 ne ya ruɗe shi, don a can an fassara muluk ta cikin sunan littafin da "princes", wato yarimomi. Alhali muluk jam'in malik ne, wato sarakunan da mulki ke hannunsu. Na bi layi-layi na mayar da su sarakuna.

Sannan an cakuɗa littafin da amsoshin da Shehun ya ba Askiya Muhammad na Songhai a Gao. Wannan daban, wancan daban. Na raba su, na sa shekarun sarautar Rumfa, 1463 zuwa 1499.

Abin da ya fi ci min rai shi ne a maƙalar babu jimlar da Shehun yake ta nanatawa cikin babobi takwas na littafin, cewa tushen kowace masifa shi ne sarki ya shige bayan labule, talakawa su kasa ganinsa. Na daɗe a kanta bayan sallar isha'i, ina juya kalmar ihtijab, wadda Shehun ya yi amfani da ita a Larabcin jimlar. Ɓuya? Kulle? Na tsaya a kan labule, don shi ne abin da mai ƙara yake gani idan ya zo fada aka ce masa ya dawo gobe.

Akwai inda aka ce shi ne littafin siyasa mafi girma a Afirka. Zuciyata ta Bakano ta so in bar shi, amma ba madogara, na goge.

Saura hoto. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan biya ta Ƙofar Kudu in ɗauko Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, da hantsi, daga nan in wuce unguwar Sharifai, inda ake cewa zuriyar Shehun suke zaune.