Wata shida ina yawo da dutsen sitirin a wuyana

Ni dai tun farko kalar ce ta ja ni wallahi, ba labarin sihiri ba. Ina kwance da daddare ina latse-latsen waya sai naci karo da hoton wani dutse ruwan zuma, haske na ratsa shi har ciki, an rubuta sunansa sitirin. Sai da na shiga karanta abun da masu sayarwa ke faɗa a kansa sannan na tashi zaune. Wai dutsen ɗan kasuwa ake ce masa, in ka aje shi a durowar da kake tara kuɗin ciniki to kuɗi ba sa yankewa, wai yana kore baƙin ciki, yana ƙara ƙarfin hali, yana gyara narkewar abinci, masu maganar cakra, wato wasu cibiyoyin ƙarfi da suke cewa akwai a jikin mutum, kuma sukace nasa wajen shine saman cibiya. Har da cewa shi baya riƙe mugun abu, don haka ba sai an riƙa wanke shi da hasken wata ba kamar yadda suke yi wa sauran duwatsu.

Toh a lokacin ciniki ya tsaya min cak, ga ciwon ciki da ya addabe ni kullum da asuba kamar ana hura wuta a ƙirjina, kun san wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Zuciyata na ce min arziki ai na Allah ne ke dai kiyi hankali, ɗaya zuciyar na cewa ai ado ne kawai. Na sayi biyu, ɗaya na sarƙa ɗaya kuma dunƙule mai tsinaye da yawa, ƙasansa fari fat samansa ruwan goro mai duhu. Na sarƙar na rataya, dunƙulen na jefa a durowa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, satin farko na ji daɗi. Ina tashi da kuzari, in na taɓa shi sai naji wani ɗumi-ɗumi a tafin hannuna, kuma cikin wata biyu kuɗi suka fara zama a hannu. Na fara ba mutane labari ma.

Ranar da asirin ya tonu, yayan wata ƙawata ne ya zo, shi ya daɗe yana harkar duwatsu masu daraja. Na ɗauko dunƙulen ina taƙama, ya juya shi sau ɗaya ya yi dariya yace "ƙanwata wannan ai gasasshe ne." Nace Yaya gasasshe kamar ya? Yace asalinsa ametis ne, wannan mai kalar shunayya, dukkansu dangin wani dutse mai kama da gilashi ne da ake kira kwaz, abu ɗaya ne a jiki, in aka saka ametis a tanda aka kai zafin wajen digiri 400 zuwa 500 sai ƙarfen da ke cikinsa ya canza kala ya koma rawaya ko ruwan goro. Yawancin sitirin da ke yawo a duniya haka aka yi shi, kuma da yawa daga Rio Grande do Sul yake fitowa a kudancin Brazil. Ya nuna min alamar, farin gindin nan da tsinayen da suka yi kamar sun ƙone. Na asali yace kalarsa a sanyaye take, rawaya mai haske ko mai ɗan hayaƙi-hayaƙi, iri ɗaya daga sama har ƙasa, ana samunsa a wurare irin su Madagaska da Zambiya, kuma bai da yawa. Sunan ma yace daga kalmar Faransanci ta lemon tsami aka samo shi, ni kuma nawa ko kusa bai yi kama da lemon tsami ba.

Na sarƙar kuwa ya ɗaga shi saitin fitila yana neman ƙananan kumfa a ciki, yace in da akwai to gilashi ne aka rina. Babu, na tsira a nan. Yace sitirin taurinsa 7 ne a ma'aunin taurin duwatsu da ake kira Mohs, yana iya karce gilashi, kuma in kula da masu sayar da shi da sunan wani dutsen daban wai tofaz, shi tofaz taurinsa 8 kuma ya fi nauyi a hannu, ana yawan haɗa su saboda duka biyun ana ɗaukarsu dutsen waɗanda aka haifa a Nuwamba.

Abun da ya tsaya min a rai bayan ya tafi shine, in dai dunƙulen nan ametis ne da aka gasa, kuma su masu bayanin sunce ametis aikinsa kwantar da hankali da kawo barci ba kawo kuɗi ba, to wa ya kawo min kuɗin? Tanda ce ta canza masa aiki? Nan na fara bincike har na ci karo da gwajin da wani masanin halayyar ɗan adam Christopher French ya yi a kwalejin Goldsmiths da ke Landan, aka gabatar a 2001. Mutum 80 aka ba duwatsu su riƙe, wasu na gaske wasu na bogi, kuma masu riƙe da na bogin suma suka ce sun ji ɗumi da tsikar jiki na tashi kamar sauran. Ɗumin tafin hannuna kenan, kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki.

Da na zauna na yi lissafi kuma sai na ga tun ranar da na saka dutsen a durowa kullum sai na buɗe ta da safe don in ga ko ya yi aiki, in ƙirga kuɗi, har na sayi littafi ina rubutawa, a nan na ga bashin da nake bin mutane na manta, na bi na karɓo. Da can sai inyi sati ban ƙirga komai ba.

Ciwon cikin kuwa ko gezau, a nan ne na cuci kaina don wata huɗu na ɓata ina ɗora dutse a saman cibiya. Da naje asibiti aka yi gwaji aka ce olsa ce, wata ƙwayar cuta H. pylori ce ta kawo ta, aka ɗora ni a magani na sati biyu, wutar asubar nan ta mutu.

Har yanzu ina saka sarƙar in zan fita don tana min kyau da atamfa mai duhu, ina wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, bana barinta a rana don Yaya yace kalar na iya kodewa. Dunƙulen kuma yana kan tebur, shi nake danne rasit da shi kar fanka ta kwashe.